Aikin Ɗalibin Likitanci Wajen Duba Masu Neman Mafaka

Tambaya: Likita, ni ɗalibar likitanci ce, 'yar Gusau. Na ji a Amurka ana horar da ɗalibai su duba masu neman mafaka saboda shari'a. Wane irin aiki ne wannan, kuma ya shafe mu a nan?

Amsa: Ƙanwata, ya shafe mu ƙwarai. Tun 2019 mutanen Zamfara, Sakkwato da Katsina ke tsallakawa jihar Maraɗi ta Nijar gudun 'yan bindiga. Mai irin wannan gudu sau da yawa ba takarda ba mai shaida, sai jikinsa da labarinsa.

Likita zai saurari labarin, ya duba jikin, sannan ya rubuta yadda suka yi daidai da juna. Ƙa'idar aikin tana cikin Kundin Istambul, wato jagoran binciken azabtarwa, wanda aka miƙa wa Majalisar Ɗinkin Duniya a 1999, aka sabunta a 2022. Matakai biyar ya shimfiɗa, daga tabon da bai dace da labarin ba har wanda babu abin da zai jawo shi sai abin da aka faɗa. Hukuncin ko mutum ya yi gaskiya na alƙali ne, kada ki karɓe masa.

A makarantar likitanci ta Weill Cornell da ke birnin Niyok ɗalibai suka buɗe irin wannan asibiti a 2010. Ɗalibi yana zama, yana rubutu, yana tsara rahoto, amma likita mai lasisi ke dubawa ya sa hannu.

Akwai abin da kika fi su sani. Kin tashi kina ganin shatin ƙaho a baya, da sakiya, da tsagar wanzami. Baƙon likita yana iya ɗaukar su alamun azaba, ko ya ga shatin igiya a idon sawu ya wuce. Idan mutum ya ce wannan tabon na ƙaho ne, ba na duka ba, ki rubuta hakan, domin yana ƙara wa sauran maganarsa nauyi. Rashin tabo kuma ba ya kore azaba. Dukan tafin ƙafa da fyaɗe sukan wuce ba alama a fata, su bar mutum da firgita da rashin barci. Wannan ne ya fi damuna, don a nan ake zaluntar mata. Ki zauna da mace ke kaɗai ko kuma tare da tafinta mace, ba ɗan'uwanta ba, kada ki gaggauta ta.

Ki fara tun yanzu a ɗakin marasa lafiya: ki zana surar jiki, ki auna kowane tabo da santimita, kuma kada ki ɗauki hoto sai da izinin mai jikin.