Alfalfa ta ƙi mutuwa a gonata

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Shekara huɗu ke nan ina da ciyawar alfalfa a gonata ta noman rani a Bakolori, ita nake yanka wa shanuna. Yanzu ta tsufa, ina so in sa masara. Na sa an yi haro, bayan mako biyu sai ga ta ta tofo kamar an ba ta taki. Wane magani zai gama da ita?
Daga wani manomi a Talata Mafara, Jihar Zamfara

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Haro kaɗai ba ya kashe ta. Saiwarta na nutsawa ƙasa fiye da mita guda, kuma daga kututturen da ke daidai bakin ƙasa take tofowa. Muddin yana da rai, za ta dawo.

Kada mai shago ya haɗa ka da maganin kashe ciyawa na paraquat, ganye kawai yake ƙonewa. Glyphosate yana shiga har saiwa, amma shi kaɗai yakan bar saura. Ni na fi natsuwa da haɗa shi da 2,4-D, bisa ma'aunin da ke jikin robar. Duba lambar NAFDAC kafin ka biya.

Sai dai lokacin feshin ya fi sunan maganin muhimmanci. Ta ganye magani ke shiga, don haka feshi a gonar da aka yanke jiya, ko wadda ƙishirwa ta kama, asarar kuɗi ce. Ka ba ta ruwa, ka bari tohon ya kai santimita 15 zuwa 20, ya yi kore shar, sannan ka fesa. Bayan nan ka ɗaure ka bar ta kwana 10 zuwa mako biyu kafin garma ta shiga, ko da ido bai ga wani canji ba da farko.

Ka kula da maƙwabta. Gonakin Bakolori a manne suke, kuma 2,4-D kaɗan iska ta kai wa tumatir ko tattasai, sai ganyen ya nannaɗe, magana ta kai gaban mai gari. Fesa da safe in iska ta kwanta, ban da ranar da hunturu ke kaɗawa. Abin da aka fesa kuma ba na shanu ba ne.

Sa masarar da za ka yi dabara ce. Alfalfa na barin sinadarin naitirojin a ƙasa, za ka rage sayen yuriya. Sabuwar alfalfa kuwa ba ta kamawa da kyau a gurbin tsohuwa sai an ba da tazarar kamar shekara guda.