Abin da Ya Sa Muke Shiga Motar Baƙo a Bajiniya

Yaya, saƙonka ya iso, na kuma ji faɗan da ke cikinsa. Ka ce labari ya kai wa Inna wai kullum da sassafe ina tsayawa bakin titi ina shiga motar wanda ban sani ba, alhali ga tawa a ajiye, har tana tambaya ko aikin ne ya lalace. Don Allah ka kwantar mata da hankali. Aiki na nan, mota ma lafiyarta ƙalau. Titi ne ya koya mana wannan hali.

Daga Woodbridge inda muke, a jihar Bajiniya ta Amurka, zuwa cikin Washinton kusan kilomita 40 ne, ta babbar hanya mai lamba 95 sannan 395. A tsakiyarta akwai layukan da aka killace, da safe suna kallon birni, da yamma a juya su su kalli gida. Motar da ke da mutum uku har da direba tana bi kyauta. Tun 1969 aka ware wa bas-bas layinsu a nan, sai a 1973, shekarar da Larabawa suka tsuke wa Amurka bakin mai, aka buɗe wa ƙananan motoci masu mutum huɗu, daga baya aka rage zuwa uku. Daga nan lissafi ya juye, mai mota ya koma shi ke neman fasinja. Sai ya ratsa tashar bas ya leƙo, wa zai je Pentagon, hedikwatar sojojin Amurka? Direbobin bas suka ƙule, suka laƙaba wa masu shiga suna "slug", wato abin da suke kiran jabun kwabon da ake jefa musu a akwatin kuɗi. Sunan ya bi mu har yau.

Ga yadda safiyata take. Bayan sallar asuba in ajiye mota a filin Horner Road, in shiga sahu. Mota ta tsaya, direba ya sauke gilashi ya faɗi inda ya nufa, na gaba ya ɗaga murya ya maimaita, mutum biyu su shiga. Ko sisi ba a bayarwa, don shi ma cin moriyarmu yake. Ba a cin abinci, ba a hira a waya, ba a taɓa rediyo. Duk waɗannan da sauƙi. Wanda ya gallabe ni shi ne ba a magana sai in direba ne ya fara. Ranar farko na shiga motar wani dattijon Bature, na ce masa ina kwana, na tambayi iyali, ina shirin tambayar sanyi, sai kawai ya miƙa hannu ya ƙara muryar rediyo. Yaya, Bahaushe ya zauna rabin awa kusa da mutum bakinsa a rufe! Na sauka ina jin kamar na yi masa sata. Yanzu kam na saba, nakan ja carbina a aljihu har mu isa.

Mu ma mun ɗora namu a kai. Matanmu da ke aiki a birni galibi sun fi son bas, in kuwa za su shiga sahu sai su jira motar da akwai mace a ciki. Babu mai ganin laifinsu, domin al'adar sahun ta yarda ka ƙi mota ba tare da bayani ba, kuma ba a tafiya a bar mace ita kaɗai a tsaye, namiji ne zai ba ta wurinsa. Ni da kaina na sha barin mota ta wuce saboda gashin kare a kujera. Da azumi kuwa mukan haɗa kanmu uku-uku, don mu iso gida kafin a sha ruwa. A nan ne kawai ake hira har a gaji.

Na san abin da ke ranka, 'yan wan-cans na Abuja. Tsoron yana kan hanya. Sai dai a nan wuraren tsayuwa sanannu ne, fuskokin kusan su ne kullum, da yawa ma'aikatan gwamnati ne da katin aiki rataye a wuya. Sauran kuma mu bar wa Allah.

Ka tambaya ko kowa ya yarda da tsarin. Ina! Ko a wajen wani suna da muka yi kwanan baya sai da aka kusa ɓatawa. Wani ɗan'uwanmu mai gyaran na'urar sanyaya ɗaki ya ce da harajin kowa aka yi titi, don me zai maƙale awa guda yana kallon layi fayau a gefensa? Na ce masa layin yana zama fayau ne saboda yana gudu, kuma kawuna ake ƙirgawa, ba ƙarafa ba, bas guda ta kwashe mutum hamsin waɗanda da kowannensu yana gabansa da motarsa. Ya ce to shi da ke zaga gida biyar da kayan aiki, wa zai ɗauka? Nan na yi shiru, don gaskiyarsa ce.

Inda muka haɗu da shi kuwa shi ne batun kuɗi. Tun ƙarshen 2014 a hanyar 95, da 2019 a 395, wani kamfani ke tafiyar da layukan, kuma mutum ɗaya ma yana iya shiga in zai biya. Farashin yana hawa ne gwargwadon cunkoso. A hanyar 66, lokacin da aka fara karɓar kuɗi a Disamban 2017, sai da tafiya ɗaya ta kai dala 40. Shi ya sa ake musu ba'a da "layin masu Lexus". Wannan kam yana ci mini tuwo a ƙwarya. Layin da aka yi don masu haƙurin haɗuwa, yanzu mai aljihu ya saya shi kaɗai yana shan iska. Amma kada ka gaya wa kowa, ranar da aka kira ni daga makaranta cewa Ummi ta faɗi ta fasa goshi, ban ko kalli allon farashi ba na danna ciki.

Akwai 'yar na'ura da ake mannawa a gilashi, E-ZPass Flex, in kun cika uku sai ka murɗa maɓallinta. Masu wayo kan murɗa su kaɗai, wasu har da zaunar da mutum-mutumi da hula a baya, 'yan sanda kuwa na nan laɓe da takardar tara. Korona ta 2020 ta kusa kashe sahun gaba ɗaya, yanzu ne yake ɗan farfaɗowa, shi ya sa wani lokaci direba kan daɗe yana jiran cikon mutum ɗaya.

Ka gaishe da Inna, ka karanta mata har ƙarshe ban da zancen goshin Ummi. In bizarka ta fito, ni da mai ɗakina mun riga mun zama biyu, kai ne na uku.