Ka fara duban gidan kafin ka dubi baƙon

Ɗana, ka tambaye ni yadda nake raba falsifarum da 'yan uwansa, wato sauran jinsunan ƙwayar cutar maleriya (malariye, baibas da obale), alhali kai duk zobe iri ɗaya kake gani a madubin gwaji. Matsalarka ita ce kana hanzarin kama ƙwayar cutar, ba ka tsayawa ka dubi jar ƙwayar jinin da ta shiga.

Ɗigon jini mai kauri a kan gilashi zai gaya maka ko akwai maleriya da kuma yawanta, amma jinsi sai a shimfiɗa siririya wadda ka kafe da metanol, domin a nan ne ƙwayoyin jini suke da siffarsu. Idan ƙwayar jinin ba ta kumbura ba, zoben kuma siriri ne kamar zare, wani lokaci biyu ko uku a gida ɗaya, wani maƙale a gefe, wani da ɗigo biyu ja, to falsifarum ne, kuma shi za ka fi gani nan Katsina, musamman daga Agusta zuwa Oktoba. Idan ka ga mai siffar jinjirin wata, magana ta ƙare. Malariye yakan miƙe kamar ɗamara a tsakiyar ƙwayar da ba ta girma ba, ko ya rabu kashi 6 zuwa 12 kewaye da baƙin ɗigo kamar fure. Baibas ba kasafai yake zuwa mana ba.

Obale ne nake so ka kula da shi sosai. Gidansa yakan ɗan kumbura, ya yi siffar ƙwai, bakinsa ya yi geza, jikinsa kuma ya cika da ƙananan ɗigo ruwan hoda. To, waɗannan ɗigon ba sa fitowa sai ruwan da ka haɗa rinin Giemsa da shi yana kan 7.2 a ma'aunin tsami (pH). Ina sabon shiga na taɓa haɗa rini da ruwan burtsatse, na rubuta malariye a takardar wani yaro, bayan 'yan watanni uwarsa ta dawo da shi jiki kamar wuta. Obale ne ya ɓuya a hantarsa, kuma da na gane shi tun farko, da likita ya auna G6PD, wani sinadari a jini, ya duba ko za a ba shi firimakwin, maganin da ke kashe ƙwayar da ta ɓuya a hanta. Har yau ina tuna fuskar matar nan.

Saboda haka ka auna ruwanka kowace safiya, ka tace rini, ka rufe gilasanka saboda ƙurar hunturu, kuma kada ka rubuta babu sai ka duba gurbi 100 a ɗigo mai kauri, kowane gurbi shi ne abin da madubin ke nuna maka a kallo ɗaya.