Shafin yana nan, adireshin ne bai kai ka ba

Ka ce otal ɗin da ka sa wa suna da Larabci yana cikin rumbun bayanai, amma in ka buɗe shafinsa sai 404, wato saƙon cewa ba a sami shafin ba. Yaro, ba sai na duba kwamfutarka ba. A urls.py, fayil ɗin da ke tsara adireshin shafuka, ka rubuta <slug:suna>, shi kuwa slug, ma'aunin suna a adireshi na Django (manhajar da kake gina shafin da ita), ba ya karɓar komai sai haruffan Ingilishi da lambobi da ɗan layin tsakiya da na ƙasa. Larabci ba ya wucewa, ko ƙ da ɗ namu ma a waje suke tsayawa. Mayar da shi <str:suna>, ka kunna allow_unicode a SlugField, gurbin sunan a rumbun bayanai, don ya karɓi haruffan da ba na Ingilishi ba. Sauran haɗe-haɗen kada ka tambaye ni, kowa ya sani.

Inda za ka ajiye layin nan shi ne magana. Django daga sama yake bin tsare-tsaren zuwa ƙasa, wanda ya fara dacewa shi ke ɗauka, ba ya waiwayen sauran. Shi kuma str hadama gare shi, duk abin da babu / a cikinsa haɗiyewa yake.

Wannan layin ne aka ci min haƙƙi a kansa. Wani Alhaji mai jigilar masu Umra, ofishinsa wajen Shari'a Mansur a nan Makka, na gina masa shafi, ya ba ni rabin kuɗi, saura sai bayan Salla. Babu takarda, wai mu 'yan gida ne. Ana gab da azumi ya miƙa wa ɗan ƙanwarsa kalmar sirri. Yaron ya ga adireshi ya yi tsawo, ya cire otal/ daga gaba, ya ɗora <str:suna>/ a can sama. Shi ke nan, duk wanda ya danna /biya/, shafin biyan kuɗi, sai na'ura ta tafi neman otal mai suna "biya". Wakilai daga Kano da Yamai suna ta kira, ga goman ƙarshe ta matso, ɗakuna kusa da Harami sun yi wuta. Tsofaffin adireshin da aka raba a WhatsApp ma duk sun mutu, don ko 301, mai tura tsohon adireshi zuwa sabo, bai san da ita ba.

Bayan tarawihi Alhaji ya kira ni yana ta zage-zage. Na je, na buɗe tarihin git, mai ajiye duk canjin da aka yi wa shafin, a gabansa, ga sunan yaron ga ranar. Na sauko da layin ƙasa, na zauna ina juya tsofaffin adireshi har aka kira sahur. Bayan Salla na je karɓar cikon kuɗina, sai ya shafa gemu ya ce, "Malam, ai asarar da na yi ta fi abin da kake bi." Har yau in mun haɗu shi ke fara miƙo hannu. Allah ya isa.

Ku kuwa kun samu a sama. Kafin Django 2.0 ya kawo path(), hanyar rubuta adireshi mai sauƙi, a 2017, da hannu muke rubuta regex, jerin alamomin tantance rubutu, ka manta $ ɗaya ka kwana nema. Yanzu sai a kwafo daga ChatGPT a manna, ko karantawa ba a yi.

Sa tsayayyun adireshi a sama, masu canzawa a ƙasa, ka bar otal/ yadda yake. Ka rubuta gwaji da resolve(), mai nuna inda adireshi ke kaiwa, da zai tabbatar /biya/ yana zuwa inda ya kamata, ka kawo min bayan Isha.