Mawallafa Sun Ƙi Karɓar Littafina, Shin In Haƙura?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Na kammala ƙagaggen labarina na farko, na aika wa kamfanonin buga littattafai da dama. Wasu sun ce bai dace da su ba, wasu kuwa ko uffan ba su ce ba. Gwiwata ta yi sanyi, har na fara tunanin ko ba ni da baiwar rubutu. In haƙura ne, ko in ci gaba?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Kafin ki yanke wa kanki hukunci, ya kamata ki san yadda daftari yake tafiya bayan ya bar hannunki. A yawancin kamfanoni, rubutun da ba a nema ba yana shiga wani tari mai yawa, wanda ƙaramin ma'aikaci ko mai karatun farko yake dubawa, kuma sau da yawa shafukan farko kaɗai yake karantawa. Ko da edita ya so labarin, sai ya gamsar da masu kula da kasuwanci cewa zai sayu, sannan yana iya yiwuwa kamfanin ya riga ya sayi littafi mai irin wannan jigo, ko kuma ya cika adadin da zai buga a shekarar. Saboda haka gajeriyar wasiƙar nan ta "bai dace da mu ba", wadda iri ɗaya ake aika wa kowa, ba ta faɗa miki komai a kan baiwarki, kuma ɓata lokaci ne ki zauna kina tona ma'anarta. Shiru ma haka yake, domin wasu kamfanoni da wakilan marubuta, wato masu nema wa marubuci kamfanin da zai buga littafinsa, suna sanarwa tun farko cewa rashin amsa bayan 'yan watanni yana nufin a'a.

Wasiƙar da ta cancanci ki tsaya a kanta ita ce wadda edita ya ambaci wani abu na cikin labarinki, ya ce farkon ya yi jan ƙafa, ko tauraruwar ba ta da wani buri da take nema, ko tattaunawar ba ta yi kama da maganar mutane ba. Edita ba ya ɓata lokacinsa a kan rubutun da bai ga alamar alheri a cikinsa ba. Idan kuwa ya ce ki gyara ki sake aikowa, to da gaske yake, kuma a ganina babban kuskuren da sababbin marubuta suke yi shi ne su ɗauki wannan a matsayin kora cikin ladabi.

Ana yawan kawo labarin shahararrun littattafan da aka fara ƙi, amma akan manta da rabin labarin. Ƙagaggen labari na farko na marubucin Birtaniya William Golding, Lord of the Flies, ya sha ƙi a hannun mawallafa a Ingila, har a kamfanin Faber ma mai karatun farko ta yi watsi da shi, kafin wani matashin edita, Charles Monteith, ya tsamo shi daga tarin waɗanda aka ƙi. Bai buga shi yadda ya zo ba. Ya sa an cire dogon buɗin da yake bayanin yaƙin nukiliya, an kuma sauya sunan littafin, sannan ya fito a 1954. Naci ya yi aiki, amma tare da yarda a yanke abin da marubucin ya sha wahalar rubutawa.

Game da ɓacin rai kuwa, kada ki yi musu da shi, halal ne ki ji zafi. Abin da ban yarda da shi ba shi ne mayar wa edita martani cikin fushi, domin masu wannan sana'a sun san juna, kuma suna sauya wurin aiki. Ki bari kwanaki su wuce, ki ajiye daftarin na wasu makonni, sannan ki karanta shi da babbar murya. Ki ba mutum biyu ko uku masu karatu sosai, waɗanda ba za su ji nauyin faɗa miki gaskiya ba. Idan ƙorafi ɗaya ya maimaitu daga bakuna daban-daban, to akwai gyara a wurin. Idan kowa da nasa ra'ayin, ki riƙe naki.

Ki kuma duba inda kike aikawa, domin labarin soyayya ba zai samu shiga a kamfanin da ya ƙware a littattafan makaranta ba komai kyansa. Ki bi ƙa'idojin kowane kamfani daidai, ko babi uku na farko suka nema ko taƙaitaccen bayani, ki rubuta inda kika aika da ranar da kika aika. Ki yi hattara da masu cewa sun karɓi littafinki amma sai kin biya, domin irin waɗannan suna farautar masu sanyin gwiwa ne. Wakilin marubuta na gaskiya ba ya karɓar kuɗin karatu, kasonsa yake cirewa bayan ya sayar da littafin, galibi kashi 15 cikin 100. Yayin da kike jiran amsa, ki fara littafi na biyu, ki kuma riƙa aika gajerun labarai ga mujallu da gasa, inda amsa take zuwa da sauri kuma sunanki yake fara shiga idon editoci.