Filin Tambaya da Amsa: Asirin Bayan Fage a Tsofaffin Finafinai

Wasiƙun wannan watan sun fi karkata ga finafinan da aka riƙa kallo a Plaza ta Fagge da Eldorado ta Sabon Gari, da kuma maganganun da ake yaɗawa a kansu har yau a majalisa. Mun zaɓi huɗu.

Tambaya: Yaya ake yi jarumi ɗaya ya fito mutum biyu a lokaci guda, har suna magana da juna? Kakata ta dage a kan cewa tagwaye ne na gaske, ɗayan ɓoye shi ake yi. Daga wata ɗaliba a Gwammaja.

Amsa: Malama, a gaida Hajiya, a kuma gaya mata babu wani ɗan tagwai da aka ɓoye. Hema Malini ita kaɗai ce ta fito 'yan biyu a Seeta Aur Geeta na 1972, haka ma Dilip Kumar a Ram Aur Shyam na 1967.

Tsohuwar dabarar ita ce raba hoto gida biyu. Za a kafa kyamara a kan ƙafafunta, a danne su da buhunan yashi don kada ta gusa ko da gwargwadon ƙwayar gero. Sai a sa baƙin kwali a gaban gilashinta ya rufe rabin dama, a ɗauki jarumin yana tsaye a hagu. Rabin da aka rufe haske bai taɓa shi ba, saboda haka yana nan sabo. Daga nan a rufe gilashin gaba ɗaya, a mayar da zaren fim ɗin baya zuwa daidai inda aka fara, a juya kwalin ya rufe hagu. Jarumi ya canza kaya da kwalliya, ya koma dama, a sake ɗauka. Ana kunna masa muryarsa ta ɗaukar farko domin ya san inda zai yi shiru da inda zai amsa. Daga baya an koma haɗa rabi da rabin a ɗakin wanke fim, wanda ya fi sauƙin gyara, amma tushen aikin ɗaya ne.

Wahalar tana wajen layin haɗin. Shi ya sa ake ɗora shi a kan bakin ƙofa, ko ginshiƙi, ko gefen labule, inda ido ba zai kama ba. In hannun jarumin ya ƙetare layin, ɓacewa zai yi. In hasken fitila ya sauya tsakanin ɗauka biyun, rabin bango zai fi rabi duhu. Kuskure ɗaya a ɗauka ta biyu ya lalata har ta farkon, sai a koma tushe. Inda kuwa kika ga sun rungume juna, duba da kyau: fuskar ɗaya kawai ake nunawa, ɗayan ƙeya ce ta wani mai irin tsayinsa da aka sa wa kaya iri ɗaya.

Tambaya: Da gaske ne an taɓa yunƙurin kashe Amita a wajen ɗaukar fim, har ya mutu ya dawo? Daga wani tela a Kantin Kwari.

Amsa: Malam, hatsarin gaskiya ne, batun yunƙurin kisa kuwa ƙari ne. Ranar 26 ga Yuli 1982, a Bangalo, Amitabh Bachchan yana ɗaukar wani faɗa na fim ɗin Coolie. An tsara za a kai masa naushi ya faɗa kan teburi. Lissafin ya kuskure, ya bugu a ciki, jini ya riƙa zuba ta ciki ba a gani. An yi masa aiki a can, sannan aka kai shi asibiti a Bombay aka sake yin wani, ya shafe makonni rai a hannun Allah. Daga nan maganar mutuwa da dawowa ta samo asali.

Da fim ɗin ya fito a 1983, darakta Manmohan Desai ya tsayar da hoton cak a daidai wurin, aka rubuta cewa nan ne ya ji raunin. Ya kuma sauya ƙarshen labarin: da an tsara jarumin zai mutu, sai aka bar shi da rai. Ɗora wa abokin wasansa niyyar kisa zalunci ne, bai kamata mu riƙa maimaita shi ba.

Tambaya: Ana cewa saurin Burusli na kyamara ne, kuma wai fim ɗinsa na ƙarshe ba shi ba ne a ciki. Wanne ne gaskiya? Daga wani matashi a Kurna.

Amsa: Ɗan'uwa, ƙara sauri dabara ce da aka sani a finafinan faɗa. Injin silima hotuna 24 yake haskawa a daƙiƙa guda. In aka ɗauki faɗa da hotuna 22, sannan aka haska da 24, motsin zai ƙaru da kusan kashi 9 cikin ɗari. In aka sauko zuwa 20, ya zama kashi 20, kuma a nan asiri ke tonuwa: ƙura tana faɗuwa da gaggawa, masu wucewa ta baya suna tafiya kamar ana tsikarinsu. Sai dai dabarar ba ta mayar da rago gwani. Bruce Lee ya yi shekaru yana koyar da faɗa kafin duniya ta san shi a fim.

Maganarka ta biyu tana da ƙamshin gaskiya sosai. Ya fara Game of Death a 1972, ya ajiye, ya rasu ranar 20 ga Yuli 1973 yana da shekara 32. Da aka fitar da fim ɗin a 1978, abin da aka yi amfani da shi daga ainihin ɗaukarsa bai wuce kusan minti 11 ba, a faɗan ƙarshe. Sauran wasu ne suka tsaya masa, ana sa musu manyan baƙaƙen tabarau, ana ɗaukarsu daga nesa ko ta baya. Akwai ma inda aka manna hoton fuskarsa a jikin madubi, kuma an saka hotunan jana'izarsa ta gaskiya. Wannan na ƙarshen, a ganinmu, rashin mutunta mamaci ne.

Tambaya: A zamaninmu mukan ga wani ɗigo yana ƙyaftawa a saman majigi ta dama, jim kaɗan sai labari ya yi tsalle. Mun ɗauka alama ce ta inda afareta zai sace mana waƙa. Haka ne? Daga wani dattijo a Fagge.

Amsa: Baba, Allah ya ƙara lafiya. Ɗigon nan umarni ne ga afareta, amma ba na sata ba. Fim mai faɗin milimita 35 yana cin ƙafa 90 a minti guda, naɗi ɗaya kuma yakan ɗauki ƙafa 2,000, wato minti 20 da 'yan kai. Fim ɗin Indiya mai awa uku ya haura ƙafa 16,000, naɗi takwas ko tara ke nan. Don haka a wancan zamanin inji biyu ake jerawa. Ɗigon farko yana fitowa saura kamar daƙiƙa takwas naɗi ya ƙare, afareta ya tayar da inji na biyu ya kama gudu. Ɗigo na biyu, saura kamar daƙiƙa ɗaya, ya rufe hasken wannan ya buɗe na wancan tare da sauti. In ya makara, majigi ya yi fari ko lambobi su fito, ihu ya tashi.

Tsallen labarin kuma daga tsufan fim ne. Kwafi ɗaya yakan yi yawo gari gari, kuma farko da ƙarshen naɗi su suka fi shan hannu da ƙura. Fitilar injin a lokacin sandunan gawayi biyu ne da wutar lantarki ke ci a tsakaninsu, zafinta ya isa ya huda fim cikin daƙiƙa kaɗan in ya maƙale. Ita ce ƙunar nan da takan buɗe a tsakiyar majigi kamar an ɗora garwashi a leda. Afareta zai yanke wurin da ya ƙone ko ya yage, ya kankare baki, ya shafa gam na musamman ya haɗa. Kowane ɗinki yana tafiya da wasu hotuna. Ƙafa uku kacal in aka cire, daƙiƙa biyu sun tafi, kuma kwafin da ya shekara biyar yana zagaye yakan tara ɗinki barkatai. Ga kuma almakashin hukumar tace finafinai, wanda ke shiga tun kafin fim ya iso Kano. Ba za mu rantse cewa babu afaretan da ya taɓa tsallake naɗi don a tashi da wuri ba, amma wannan ba ya bukatar ɗigo, naɗin kawai zai bari a gwangwaninsa.