Babanka ya rasu da ciwon zuciya, ka ci gaba da gudu?

Salam ɗan'uwa, Allah ya jiƙan Baba. Ka ce ciwon zuciya ya ɗauke shi yana da shekara 48, kai kuma kullum bayan asuba kana gudu daga Nima zuwa Kanda a Accra, kana tambaya ko ka daina. Ni dai shawarata ka rage, ka je a duba ka tukuna, don likitoci suna ɗaukar abin da muhimmanci in uba ko ɗan'uwa namiji ya kamu kafin 55, uwa kuma kafin 65.

Fara da tambayar manyan gida wane irin ciwo ne, don ba ɗaya ba ne. Akwai toshewar jijiyoyi, wannan hawan jini da suga da kitsen jini za a auna, magani da gyara abinci suna riƙe shi sosai. Akwai kuma wanda naman zuciyar ke yin kauri, shi ne ya fi ba ni tsoro wallahi, gadonsa ake yi, in uba na da shi ɗa na iya ɗauka kashi 50 cikin 100, kuma mutum na jinsa garau har ranar da zai faɗi. Ka tuna Raphael Dwamena da ya faɗi a fili a Albaniya a 2023, ɗan ƙwallo ne mai ƙarfi.

Ka nemi ECG, wato gwajin bugun zuciya, da eko, hoton zuciya kenan, in dokta ya ga dama ya ɗora ka kan injin gudu yana aunawa. Asibitin Korle Bu suna da sashen zuciya. Amma in ka taɓa suma ko ƙirji ya ɗaure ka kana gudu, don Allah kar ka sake fita sai dokta ya gan ka.